Magani Ko Abinci? Tarihin Yadda Aka Koyi Ceton Yara Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

A wannan fili muke buga amsoshin tambayoyin da aka karanta a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani manomi da ya roƙi mu sakaya sunansa da na garinsu, mun kuwa sakaya. Ya ce yana riƙon ɗan ƙanensa maraya, ɗan shekara uku. Asibiti sun auna yaron, sun ce yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, sun kuma ɗora shi a kan magani, amma har yanzu bai yi kumari ba. Wasu na ce masa maganin ne ke cinye yaron, wasu kuma na cewa ya daina wahalar zuwa asibiti, ya ba shi abinci kawai. Shi ne yake so a ba shi tarihin wannan magani, a kuma gaya masa, tsakanin magani da abinci wanne ya fi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka sani ba kai kaɗai ba ne a cikin wannan hali, kuma su kansu likitocin duniya sun shafe shekara da shekaru kafin su gane amsarta. Bari mu ɗauko maka zancen tun daga tushe.

A shekarar 1981 ne likitoci a ƙasar Amurka suka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta da ke karya garkuwar jikin mutum. Kafin ƙarshen 1982 aka fara ganinta a jikin jarirai. A 1983 masana a cibiyar bincike ta Pasteur da ke birnin Faris na ƙasar Faransa suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, wadda daga baya aka sa wa suna HIV. A nan Afirka kuwa, tun farko da rama aka san cutar. Mutanen yankin Rakai a ƙasar Yuganda sun laƙaba mata suna da ke nufin siririya, saboda yadda take tsotse mutum. Haka Bahaushe ma da ya tashi raɗa mata suna, sai ya duba yadda mai ita ke ƙanjamewa, ya ce ƙanjamau. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sida suke ce mata. A Nijeriya, a 1986 ne aka ba da sanarwar samun cutar karo na farko. Wato ka ga ke nan tun ranar farko cutar nan da rama tafiyarsu ɗaya.

A waɗancan shekaru yaron da aka haifa da ƙwayar cutar ba shi da wani gata. Wani babban nazari da aka buga a 2004, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa idan ba magani, kusan yaro 1 cikin 3 ba ya kai shekara ɗaya a duniya, kuma fiye da rabi ba sa kai shekara biyu. Abin da ke kashe su kuwa ba wani baƙon abu ba ne: gudawa ce, da ciwon haƙarƙari, da tarin fuka, da tamowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ƙwayar HIV ita ce ke tsaga bangon.

Maganin farko, wanda ake kira AZT, ya fito a Amurka a 1987. A 1994 wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna cewa idan mai ciki ta sha shi, aka kuma ba jaririnta, yawan jariran da ke kamuwa yana raguwa daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa kashi 8. A 1996, a taron duniya na birnin Bankuba a ƙasar Kanada, aka bayyana cewa haɗa magani iri uku wuri ɗaya yana danne ƙwayar cutar, har wanda ya kwanta ya miƙe ya koma bakin aikinsa. Sai dai fa kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. Ina talakan Afirka zai gan su? Haka aka yi shekaru ana rayuwa da cutar a Turai, ana mutuwa da ita a Afirka. A 2000 wani yaro ɗan Afirka ta Kudu mai suna Nkosi Johnson, wanda aka haifa da cutar, ya tsaya gaban dubban mutane a taron birnin Durban ya roƙi a daina gudun masu ita, a kuma ba mata masu ciki magani. Ya rasu a watan Yunin 2001 yana da shekara 12.

Daga nan ne al'amura suka fara sauyawa. A 2001 kamfanin Cipla na ƙasar Indiya ya ce zai sayar da haɗin maganin a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilun wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, alkawarin da ƙasashe kaɗan ne suka cika. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 Shugaba George Bush na Amurka ya ƙaddamar da shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara biyar. Nijeriya ta fara nata shirin rarraba magani a 2002, sannan a 2006 ta mai da shi kyauta.

Amma kafin mu zo kan maganin yara, akwai wani darasi mai ɗaci da ya kamata ka ji, domin shi ne ya fara nuna wa duniya cewa ba a wasa da cikin yaro. An gano cewa ƙwayar cutar na iya bi ta nonon uwa. Don haka a Turai da Amurka aka ce uwa mai ɗauke da ita kada ta shayar, ta ba da madarar gwangwani. Wasu ƙasashen Afirka suka bi sahu. Ƙasar Botswana ma har kyauta take rabawa. To a farkon 2006 aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a can, ruwan sha ya gurɓace, annobar gudawa ta ɓarke, cikin 'yan watanni yara fiye da 500 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar galibinsu waɗanda ba sa shan nonon uwa ne. An gudu gara an faɗa zago ke nan. Wani gwaji da aka yi a ƙasar, aka buga a wannan shekara, ya nuna cewa zuwa wata bakwai da haihuwa, kusan kashi 9 cikin 100 na masu shan madarar gwangwani sun mutu, alhali masu shan nono kashi 5 ne. Tun kafin nan ma, a 1999, masana a Durban sun lura cewa jaririn da ke shan nono zalla bai kai wanda ake haɗa masa nono da ruwa da kunu saurin kamuwa ba. Saboda haka a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara, ta ce uwa ta sha magani ta shayar da ɗanta. A 2016 ta ƙara da cewa nono zalla wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci aƙalla har shekara ɗaya, ko ma biyu, matuƙar uwar ba ta fashin magani.

Yanzu sai yaran da suka riga suka kamu. Abu biyu aka gano masu girma. Na farko a ƙasar Zambiya, a 2004, aka tabbatar da cewa maganin nan mai araha da kowa ya sani, wato Septrin, idan ana ba yaro mai ɗauke da ƙwayar cutar kullum, yana rage mutuwa da kashi 43 cikin 100, domin yana tare ciwon haƙarƙari da wasu cututtukan da ke shigowa ta tsagar bango. Na biyu a Afirka ta Kudu. A da ana jira ne sai yaro ya fara nuna alamun ciwo kafin a ɗora shi a kan magani. Sai aka gwada fara ba jarirai tun suna 'yan makonni, tun ba su nuna komai ba. Sakamakon da aka bayyana a 2007 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 76 cikin 100. Daga nan aka daina jira. Tun 2015 dokar ita ce, duk wanda aka auna aka samu yana da ita, babba ko yaro, a fara ba shi magani ba tare da ɓata lokaci ba.

To a nan ne tambayarka ta taso, Malam. Da aka fara ba dubban yara magani a ƙananan asibitocin birnin Lusaka, sai likitoci suka duba littattafansu, suka buga abin da suka gani a 2007. Akasarin yaran sun farfaɗo, sun yi nauyi, garkuwar jikinsu ta dawo. Amma waɗanda suka mutu, yawancinsu a cikin kwana 90 na farko suka mutu, kuma yaron da ya zo a rame ƙwarai ya fi kowa shiga haɗari. Haka aka yi ta gani a ƙasa bayan ƙasa. A 2009 aka tattara sakamakon asibitocin tamowa na Afirka, aka ga cewa cikin yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ke ɗauke da HIV kusan kashi 30 cikin 100 ke mutuwa, waɗanda ba su da ita kuwa kashi 8. Wato ba maganin ne ke cinye yaro ba. Cutar ce da yunwa suka riga suka cinye shi kafin maganin ya iso.

Yaya abin yake faruwa? Ƙwayar cutar na ɓata hanjin yaro, ta yadda ko ya ci abinci ba duka jiki ke tsotsa ba, saura ya bi gudawa. Farin ƙura da gyambo a baki da maƙogwaro na hana shi haɗiya. Zazzaɓi na ƙona abin da ya rage a jiki, kamar yadda iska ke sa murhu cin itace. Ita kuma yunwa da kanta tana karya garkuwar jiki, ko da babu HIV. Ka ga ɓarayi biyu ke nan a gida ɗaya, kowa na buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaro mai ɗauke da ƙwayar cutar, ko da lafiyarsa ƙalau, yana buƙatar ƙarin abinci kashi 10 cikin 100 a kan na tsaransa. Idan kuwa yana ramewa, ƙarin na iya kaiwa rabi, ko ma ninki biyu.

A ɓangaren abinci ma an yi wani juyi, kuma wannan ya faru ne a ƙofar gidanmu. A da, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi a asibiti na makonni ana ba shi wata madara da ake damawa da ruwa mai tsabta. Uwa ta bar gona, ta bar sauran 'ya'ya, da yawa sukan gudu kafin a sallame su. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da wani mai masana'anta, Michel Lescanne, suka haɗa gyaɗa niƙaƙƙiya da madarar gari da suga da mai da sinadaran gina jiki, suka ƙulla a 'yar leda mai nauyin giram 92. Ba a dafawa, ba a zuba ruwa, ba ya lalacewa da wuri. Sunansa Plumpy'Nut, mu kuma madarar tamowa muke ce masa. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun cinye amfanin gona a Nijar, ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 da shi, galibi a jihar Maraɗi, akasarinsu kuma a gida uwayensu suka ba su. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya, Nijeriya kuma ta fara gwada ta a jihohin Gombe da Kebbi a 2009. A ƙasar Malawi an gwada shi a kan yara masu HIV, aka ga su ma suna yin nauyi, sai dai sun fi sauran yara jinkirin murmurewa.

To ko abinci kaɗai zai isa? A'a. Yaran da aka ciyar ba tare da maganin danne ƙwayar cutar ba, sukan yi kumari su sake zubewa. Kuma akwai wani babban gwaji da aka yi a Zimbabuwe da Yuganda da Malawi da Kenya, a kan manya da yara 'yan sama da shekara biyar da suka zo asibiti garkuwar jikinsu ta yi ƙasa ƙwarai. Sakamakon da aka buga a 2017 da 2018 ya nuna cewa ƙarin abinci na musamman ga kowa da kowa ya sa sun yi nauyi, amma bai rage mutuwa ba. Abin da ya rage ta, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne magungunan riga-kafin tarin fuka da sauran cututtukan da ke laɓe a jiki. Haka kuma wani bincike a Zambiya da Zimbabuwe, wanda aka buga a 2021, ya bi sawun yaran da aka sallama daga asibiti bayan jinyar tamowa, ya tarar masu HIV sun fi sauran mutuwa kusan ninki huɗu a cikin shekarar da ta biyo baya. Ma'ana, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba.

Shi kansa maganin yara ya sha gyara. A shekarun farko ruwa-ruwa ne, wani mai ɗacin gaske, kuma sai an ajiye shi a firji, abin da ƙauye ba shi da shi. Yara kan tofar, uwaye kan gaji. Wasu likitocin har farfasa ƙwayar manya suke yi. A 2020 aka amince da wata 'yar ƙwaya mai suna dolutegrabir ta yara, wadda ake narkarwa a ɗan ruwa, tana da ɗan zaƙi, sau ɗaya ake sha a rana. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe ta a 2021. Duk da haka yara na baya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun nuna yara kusan miliyan 1.4 ke ɗauke da ƙwayar cutar a duniya, kashi 57 cikin 100 ne kawai ke samun magani, alhali manya kashi 77 ne, kuma yara kusan 76,000 suka mutu a wannan shekara. A farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirye-shiryen magani da na tamowa a ƙasashe da yawa. A gida kuwa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma ma sun haura rabi. Ke nan yaro mai HIV a yankinmu yana fama ne a inda yunwa ta riga ta yi sansani.

Saboda haka amsar tambayarka ita ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magani ne ke kashe ƙarfin cutar, abinci ne ke sake gina jikin, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kada a yi fashin magani ko na rana ɗaya, ko da babu abin kirki a tukunya, domin fashi ne ke koya wa ƙwayar cutar yadda za ta bijire masa. A kai yaro awo duk ranar da aka sa, domin da nauyinsa ake auna yawan maganin da zai sha, in ya ƙaru a ƙara masa. A roƙi ma'aikacin lafiya ya auna damtsensa da zaren awon nan mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuwa ƙafafunsa biyu sun kumbura, in an danna yatsa ya bar rami, to tamowa ce mai tsanani, a kai shi a ranar. Yaron da ke shan magani wata da watanni bai ƙara nauyi ba, a nemi a duba shi ko akwai tarin fuka, a kuma auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, don a san ko maganin na aiki.

Abincin kuwa ba sai na kanti ba. Kunu tsululu ruwa ne kawai, yana cika ciki ba ya gina jiki. A soya gero ko dawa ko masara tare da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama da kauri, a zuba cokalin man gyaɗa ko manja. A ba shi wake, da awara, da ƙwai, da garin busasshen kifi, da nono tafasasshe, da zogale da kuka da kabewa. Zancen cewa ƙwai na sa yaro sata, camfi ne kawai. A ba shi a kwanonsa shi kaɗai, sau biyar ko shida a rana, domin a kwanon taro mai ƙarfi ne ke ƙoshi. A tafasa ruwan shansa, a wanke hannu da sabulu, ya kwana a gidan sauro. Kai manomi, in kaka ta yi, ka ware wake da gyaɗar yaran gida kafin ka ɗora buhu a mota, saboda tsakiyar damina lokacin da rumbu ke yin ƙasa. Kai kuma ɗan kasuwa, madarar tamowar nan da ake kawo maka a ɓoye, magani ce da aka rubuta wa wani yaro. Duk ledar da ta hau teburinka, daga bakin mara lafiya aka fizgo ta.

Sai kuma riga-kafi, wanda ya fi magani. Kowace mai ciki ta je awo a gwada jininta, mijinta ma ya je. Idan tana da ita, ta fara magani nan take, a kuma gwada jaririn yana da mako huɗu zuwa shida, a sake gwadawa bayan yaye. Uwar da ke shan maganinta yadda ya kamata, da wuya ɗanta ya kamu. Kuma a sani, cutar nan ba ta bi ta cin abinci a kwano ɗaya, ko wasa, ko cizon sauro, don haka babu dalilin ware yaro ko hana shi makaranta. Cikin yaran da aka fara ba magani wajen 2004, akwai waɗanda yau suka yi aure, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan damuwa sun gamsu. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.